Rabin Gashin Bakin Sugunan

Duk wanda ya ce muku ƙanina Sugunan injiniyan kwamfuta ne a Sharja, ku turo min shi. Ni Pankajam ni na goya shi, ni na share masa majina, kuma na san aikin da ya yi shekara goma sha ɗaya a can. Shayi yake kai wa ma'aikata a wani ofis, da yamma ya bi kwamfutoci da tsumma yana gogewa. Aiki ne na mutunci, ba wanda ya ce a'a. Amma da ya sauka a garinmu Kuruvankara da baƙin tabarau da ƙaton kwali ɗaure a kan mota, sai labari ya canza.

"Ceci," ya ce da ni, wato Yaya, don duk girman kansa bai taɓa kiran yayarsa da suna ba, "ranar da zan taho, Larabawa kuka suka yi. In ba ni, ofishin nan ba ya motsi."

Na ce, "To ga ka nan, ga su can. Sun rufe ke nan?"

Sai ya murza gashin baki.

Gara in gaya muku batun gashin bakin nan tun yanzu, don a kansa komai ya tsaya. Ya fi na sufeton 'yan sanda kauri. Safe da yamma yana shafa masa man kwakwa, har ɗan matajinsa daban yake da shi a aljihu. Mutanen gari sun ɗauka alfahari ne kawai. Ni da Amma, mahaifiyarmu, mu muka san abin da ke ƙasa. Da tsagaggen leɓe aka haifi Sugunan, ta gefen hagu. Likita ya ɗinke shi yana ɗan shekara biyu, ɗinki irin na wancan zamani, ya bar masa tabo mai kauri har gindin hanci. A makaranta Zomo suke kiransa. Ya sha dawowa gida da kuka, ni kuma na sha fita da tsintsiya ina farautar 'ya'yan mutane. Tun da gashi ya tsiro masa yana ɗan sha bakwai, aska ba ta ƙara taɓa wurin ba. Ko matarsa Omana ba ta taɓa ganin tabon da idonta ba.

Kwana uku da dawowarsa ya girke kwamfutar a baranda, ya aika aka kira jama'a. Kelu Mash ya zo, tsohon hedimasta, shugaban ɗakin karatu na gari, da laimarsa a hammata. Kuttappan mai aski ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi. Ajinsu ɗaya da Sugunan, kuma shi ne ɗan banzan da ya fara laƙa masa sunan Zomo, ban manta ba.

"Injin nan," in ji Sugunan yana bubbuga akwatin, "littafi ne, kuma kayan aiki ne. Ya fi duk littattafan ɗakin karatu, ya fi keken ɗinki, ya fi garma. Amma, kina ji?"

Amma ta ce tana ji.

Mash ya gyara tabarau ya ce, "Madalla. Rubuta mana sunan garinmu."

Sugunan ya ɗaga yatsa ɗaya, ya yi ta neman haruffa yana dangwala. Sunan ya fito da rubutun Turawa.

"Da rubutunmu nake nufi, ɗana. Da Malayalam."

"Harshe ɗari biyu yake ji, Mash."

"Ban da na uwarka," in ji Kuttappan. "Ku ƙyale shi, Mash, haihuwar can ne. Irin yaran nan da ake kawo mana hutu, ko 'zo ka ci' ba sa ganewa."

Baranda ta ɗauki dariya. Na ga kunnuwan Sugunan sun yi ja, na san za a yi ɓarna. Ya miƙe, ya naɗe mundunsa, zanen da mazanmu ke ɗaurawa, zuwa gwiwa, ya nuna mai aski da yatsa.

"Ranar bikin Vijayadasami, a ɗakin karatu, bayan Mash ya gama buɗe wa yara rubutu, injin nan zai rubuta Malayalam gaban kowa. In bai rubuta ba, kai Kuttappan ka aske min rabin gashin baki, in zaga gari da shi kwana bakwai!"

Kun san mazanmu da rantsuwar rabin gashin baki. Duk zaɓe sai an aske mutum biyu ko uku, kuma ba a taɓa yafe wa kowa ba. Farantin shayin da ke hannuna saura kaɗan ya faɗi. Da mutane suka watse na ja shi kicin.

"Kana da hankali kuwa? Ka manta abin da ke ƙarƙashin gashin nan?"

"Ceci, kwana goma sha biyu fa! Ni da nake gyara inji arba'in kafin cin rana."

"Gogewa dai."

"Gogewar ma ai sai wanda ya san ciki."

Tun daga ranar, Kuttappan ya fito da fatar wasa aska ya rataye a ƙofar shago. Ko daga nesa ya hango Sugunan sai ya kama wasawa, shaf, shaf, shaf, yana gaishe shi da fara'a.

Sugunan ya hau bas zuwa birnin Thrissur ya dawo da wani faifai mai ƙyalli, wai haruffanmu duka suna ciki. Ya danna wani maɓalli, ɗan faranti ya zuro daga akwatin, ya ɗora faifan, injin ya haɗiye. Sai ya fara jero masa tambayoyi da Turanci. Duk wadda ta fito, Sugunan ya danna e.

Na ce, "Me yake tambayarka?"

"Gaisuwa ce kawai."

"Gaisuwa sau goma sha huɗu?"

"Ladabi gare shi, ba irin mutanen gidan nan ba."

Injin ya mutu ya tashi da kansa. Da gilashin ya haskaka, sai Sugunan ya kurma ihu har kaji suka watse. Ko'ina haruffanmu ne, masu zagaye, sama da ƙasa, babu Turanci ko ɗigo. Ya aika a kira Mash, Kuttappan kuma ya biyo baya da kumfar wani a hannunsa, ya bar mutumin a kujera.

Mash ya sunkuya ya fara karantawa da ƙarfi. Abin da ya fito daga bakinsa kamar mutum yana kuskure maƙogwaro. Ya tsaya, ya goge tabarau, ya sake gwadawa, ya tofar da yawu.

"Shekara talatin da huɗu ina koyar da Malayalam, ban taɓa gamuwa da wannan ba. Haruffan namu ne, amma babu kalma ɗaya a nan."

"Tsohuwar Malayalam ce, Mash, ta zamanin sarakuna, irin wadda ake rubutawa a ganyen giginya. Ba kowa ke gane ta ba."

"To ce masa ya rubuta Kuruvankara," in ji Kuttappan, "ko da ta sarakunan ce."

Sugunan ya dangwala. Sunan ya fito tsaf da rubutun Turawa. Ashe injin juye abin ya yi: inda ya saba magana da Turanci ya koma shirme da haruffanmu, inda ake so ya rubuta namu yana nan a Baturensa. Ɗan abin da Sugunan ya haddace, nan ake buɗewa, can ake rufewa, duk ya ɓace masa. Ko kashe shi ya kasa yi, sai da ya faki ido ya zare waya daga bango da ƙafa.

"Ya gaji," ya ce. "Yana bukatar hutu."

Washegari ya tashi da sabuwar dabara. Wai laifin maɓallai ne. Ta yaya injin zai rubuta abin da ba ya kan maɓallansa? Ya ɗauki almakashin Omana ya nufi ɗakin karatu da tsakar rana, lokacin da kowa ke barci bayan cin abinci, ya bi manyan kanun jaridun mako yana yanko haruffa ɗaya ɗaya. Da la'asar tsofaffi suka zo karatu suka tarar kowace jarida da tagogi. Wani dattijo ya ɗaga tasa yana leƙen Mash ta ramin, ya ce a gaya masa wane minista ne ya mutu, don an yanke sunan.

Da dafaffiyar shinkafa ya liƙa su, yadda muke liƙe ambulan. Haruffanmu kuwa sun fi maɓallan yawa nesa ba kusa ba, don haka ya cusa uku uku a kan kowanne. Da suka rage, ya manna wasu a jikin akwatin, wasu a bayan ɗan abin nan mai jela da ake turawa a kan tebur, wanda yake kira ɓera. Ya ja baya yana kallo, ya ce gobe in sun bushe za mu ga aiki.

Mun kuwa gani. Da safe layin kiyashi ya taso tun daga bayan kicin, ya ratsa tsakar ɗaki, ya hau ƙafar tebur, ya shige cikin maɓallai. Wani layin yana fitowa, kowane kiyashi da guntun shinkafa a ka.

"Wayyo ni!" in ji Omana. "Kayan Sharja!"

Omana mace ce mai zafin nama, ba ta jiran shawara. Kafin mijinta ya fito daga wanka ta tsoma ƙafafun tebur huɗu cikin ƙoƙon kwakwa mai ruwa, ta zagaye akwatin da garin kurkum, ta cire allon maɓallan ta kai shi rana, ta shimfiɗa a tabarma kusa da barkonon da take shanya. Ta ce zafi zai kore su.

Zafi bai riga kajin Amma ba. Sugunan ya fito da tawul a wuya ya tarar da kaji biyar a kan allon, suna tsattsagar shinkafa har da takardun. Wata jar kaza ta ɗaga kai da harafi a baki. Ya bi ta. Ta bi ta gonar rogo, ya bi. Ta tsallake shinge, ya tsallake, shingen ya riƙe mundu, shi ya wuce. Daidai lokacin matan unguwa suna dawowa daga masaƙar igiyar kwakwa, su wajen goma. Injiniyan Sharja ya tsuguna bayan kututturen ayaba yana kiran Omana da ƙaramar murya.

Kuttappan, wanda ko ina aka yi abin kunya sai ƙafarsa ta kai shi, ya tsayar da kekensa a bakin hanya.

"Sugunan, kada ka yanka kazar nan. Da alama za ta riga injin iya karatu."

"Saura kwana biyar!" in ji Sugunan daga bayan ayaba. "Ka je ka sayar da askarka!"

Da yamma na same shi zaune shi kaɗai a bayan gida, yana shafa gefen hagu na leɓensa da ɗan yatsa, yadda yake yi yana yaro. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina. Na ce, "Kai wawa, koma wurin wanda ya sayar maka da faifan ka ce ba ka iya ba. Ba wanda ya san ka a Thrissur." Ya ce shi da zai koya wa mai shagon aiki. Ya ɗauki kwana biyu yana wannan cika baki, a na uku ya hau bas ɗin safe ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Mai shagon, Allah ya saka masa, ya zauna ya rubuta masa matakai tara da alƙalamin tawada a takarda ɗaya: yadda zai mayar da Turancin inda yake, yadda zai shigar da haruffanmu inda ya dace, da maɓallan da zai haɗa ya danna. Ya ce aikin minti goma ne. Sai dai ranar bikin Durgashtami ce, saura kwana biyu Vijayadasami, hanya cike da masu sayen furanni, bas bai iso Kuruvankara ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Sugunan ya shigo da gudu yana kaɗa takarda.

"Ceci! Omana! An gama da Kuttappan!"

Ya yi turus. Teburin baranda wayam.

A ɗakin tsakiya ya sami kwamfutar. Amma ta riga ta kunna fitilar tagulla gaban hoton Saraswati, allahiyar ilimi, ta jera kayan gida kamar kowace shekara: littattafan yara, laujen marigayi babanmu, keken ɗinkin Omana, wuƙar fasa kwakwa. A tsakiyarsu ga kwamfuta zaune, an rataya mata sarƙar furanni, an ɗiga mata ƙullin sandal a tsakiyar gilashi, ɓeran ma an ɗora masa fure. Kowa ya sani, abin da aka ajiye a yammacin nan ba a taɓa shi, ba karatu ba rubutu ba aiki, sai safiyar Vijayadasami.

"Amma! Wa ya ce a sa wannan?"

"Kai ka ce."

"Ni? Yaushe?"

"Ka ce littafi ne. Littafi ana ajiye shi."

"Ba littafi ba ne, inji ne!"

"Ka ce kayan aiki ne, ya fi garma. Kayan aiki ana ajiye shi."

"Amma, minti goma kawai. Ga shi an rubuta min..."

"Rubutu ne?" Ta miƙa hannu ta zare takardar daga yatsunsa, tsohuwa mai shekara tamanin, ta ɗaga littattafan yara ta cusa ta can ƙasa. "Ubanka ko da shinkafa tana zubewa a gona bai taɓa ɗaga laujen nan a kwanakin nan ba. Je ka wanke ƙafa."

Ta jawo tabarma ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin. A nan ta ci, a nan ta kwana.

Kashegari da hantsi ta tashi za ta yi wanka, ta ce in zauna a wurinta. Tana ɓacewa sai ga Sugunan yana sanɗa. Ya dube ni kawai, hannunsa a leɓe. To me zan yi? Ƙanina ne. Na juya baya na ce ina kallon hankaka a kan rijiya, kuma hankakan zai tashi in na ƙirga ashirin.

Ko biyar ban kai ba na ji rugugum. Maimakon ya ɗaga littattafan, fizgo takardar ya yi daga ƙasa. Tarin ya zube, ya ture butar tagulla mai ruwan ibada, ruwan ya malale a kan takardar. Muna tsaye muna kallo tawada ta narke ta zama shuɗin tabki. Matakai uku na sama ne kawai suka tsira.

Amma ta fito da jiƙaƙƙen gashi da tsintsiyar kwakwa a hannu. Ni mai shekara hamsin da biyu, da jika, na sha uku a gadon baya. Shi ya sha bakwai.

Safiyar Vijayadasami aka kwashi kwamfuta a keke mai ƙafa uku, da furanninta da sandal ɗinta, zuwa ɗakin karatu. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Har daga ƙetaren kogi mutane suka zo, kuma ba don yara ba. A gindin mangwaron da ke ƙofa Kuttappan ya riga ya girke kujera, ya jera aska da sabulu da madubi a kan farin ƙyalle.

Mash yana zaune a tabarma ya tanƙwashe ƙafa, ana miƙo masa yara ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora yaro a cinya, ya tsoma zoben zinariyarsa a zuma ya rubuta masa a harshe, sannan ya kama ɗan yatsansa ya ja haruffan farko a cikin farantin ɗanyar shinkafa. Yara suna ta tsala kuka, iyaye suna ta murna. Zoben nan ya taɓa harshen rabin garinmu, har da nawa, har da na Sugunan.

Shi kuwa yana kusurwa yana zufa, yana bin matakai ukun da suka rage masa. Da aka sauke yaro na ƙarshe, ido ya koma kansa. Mash ya ce, "To, ɗana. Kuruvankara."

Sugunan ya dangwala. Wannan karon ba Turanci. Wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu ya fito, babu komai a ciki. Ya sake dangwalawa, wani akwatin. Ya jera su har guda takwas.

"Ga shi nan," ya ce. "Haruffan suna ciki."

"Kayan Sharja ke nan," in ji Kuttappan daga taga. "A kulle suke zuwa, makulli sai jirgi na gaba."

Ana cikin dariya sai muryar Amma ta taso daga ɓangaren mata. "Ku dakata! Wa ya buɗe masa rubutu? Ta yaya zai rubuta, ba wanda ya zaunar da shi gaban shinkafa?"

Wasu suka ƙyalƙyale, wasu tsofaffi suka gyaɗa kai da gaske. Sugunan ya cafke maganar.

"Abin da nake shirin faɗa ke nan! A Sharja ma sai an yi haka."

Mash ya ce, "Haba ɗana, zuma a harshe ake sawa. Ina harshensa?"

Sugunan ya danna maɓallin nan, ɗan farantin faifai ya zuro waje a hankali. Ɗakin karatu ya kusa rushewa. Yaran da ke kuka suka daina, wata tsohuwa ta haɗa hannuwa ta sunkuyar da kai. Mash ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba mafita, ya tsoma zobe a zuma ya fara ja a kan farantin. Hannun tsoho ne, ya ɗan danna. Farantin ya ji an taɓa shi ya koma ciki zuruf, da zoben da zumar duka.

"Ya haɗiye!" wani ya yi ihu. "Ya haɗiye zoben Mash!"

Mash ya dubi yatsunsa biyu da ba komai. "Sugunan. Zobena."

"Yana nazarinsa ne, Mash. Yanzu zai dawo da shi."

Ya danna maɓalli. Injin ya yi gurnani, harshe bai fito ba. Ya sake dannawa, ya doka masa mari a gefe. Ana wannan, Amma ta kutso ta ce ba a barin buɗe rubutu rabi, ta kama ɓeran ta dulmiya shi cikin farantin shinkafa tana ja da shi, tana faɗin haruffan da ƙarfi. Da Sugunan ya ƙwace shi, ƙwallon da ke cikinsa ya cushe da shinkafa, ko motsi ba ya yi.

"Zobena," in ji Mash.

Nan ne Sugunan ya yi aikin injiniya na ƙarshe. Ya rungumi akwatin da wayoyinsa a jone, ya kifa shi, ya girgiza kamar mai zazzage buhu. Wani abu ya yi tas a ciki, shuɗin tartsatsi ya fito ta baya, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗaki, fankar silin ta tsaya. Zoben ya faɗo ƙwal a kan siminti, matattun kiyashi da garin kurkum suka biyo shi. Gilashin ya yi baƙi ƙirin, sai ɗigon sandal a tsakiya.

Daga waje muka ji shaf, shaf, shaf.

Jama'a suka ɗunguma gindin mangwaro. Dariya ta bar ni gaba ɗaya. Na sha gaban mai aski na ce, "Kuttappan, wasa ne fa. Ya sha kunya ya isa."

"Ba ni na rantse ba, Ceci."

Na juya zan yi wa taron masifa, sai Sugunan ya taɓa kafaɗata. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Matsa, Ceci. Na faɗa gaban mutane."

Ya zauna. Omana tana tambayata me ya sa ya tsorata haka a kan gashi da zai sake fitowa. Kuttappan ya shafe gashin bakin duka da kumfa, ya ɗaga aska ya nuna wa jama'a, suka yi shewa. Ya zagayo ta hagu. Ya kama haɓar Sugunan ya karkata ta, ya ɗora bakin askar daidai gindin hanci, daidai wurin. Sugunan ya runtse ido. Na rantse da a ce akwai tsintsiya kusa da ni, da an kwana ana labarina.

Askar ta tsaya a nan. Kuttappan yana kallon fuskar da ke hannunsa, har wani ya ce, "Yanka mana, ko sai an kawo maka shayi?"

Sai ya yi tsaki, ya ɗage askar, ya zagaya ta dama. Ja huɗu ya yi. Gefen dama ya fita tas, fata sumul, na hagu yana nan da kaurinsa kamar jelar kyanwa. Taro ya fashe, yara suna tsalle, tsohon nan mai jarida har da zama a ƙasa don dariya.

Kuttappan ya miƙa masa madubi. Sugunan ya buɗe ido ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya kai yatsa ya shafa gefen hagu. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya murza rabin da ya rage.

"Askarka ba ta da kaifi," ya ce. "A Sharja da an kore ka tun ranar farko."

Ya ratsa taro ya bi babbar hanya yana ɗaga wa mutane hannu, yara suna biye da shi.

Da la'asar na zuba payasam, kununmu mai zaƙi na biki, a kwano na nufi shagon aski. Shekara talatin da wani abu ban taka ƙofar mutumin nan ba. Na same shi yana share gashi. Na ajiye kwanon a kan benci, na tsaya.

Na ce, "Ta hagu ka fara."

Bai ɗago ba. "Rana ce take shiga min ido ta wannan gefen, Ceci. Ba na ganin aiki."

Ranar kuwa tun asuba hadari ne, ba wanda ya ga rana a Kuruvankara. Na ce masa ya ci tun da zafi, kwanon kuma ba sai ya dawo da shi ba.